Tafinta a Bakin Rijiyar Malam Iro

Makon jiya da aka tara ku a Gwarzo aka raba muku kwamfutar hannu da riguna masu tambari, ina zaune a bayan ɗakin. Na ji ɗayanku yana ce wa abokinsa wai wannan aiki ai shan iska ne: ka hau babur, ka yi wa manomi tambaya, ka latsa, ka dawo. Ban tanka ba, don ba a kira ni in yi magana ba. An kira ni ne in zauna a gan ni, a ce ga tsohon ma'aikaci. To yau tunda kun biyo ni gida da ƙafarku, ku gyara zama.

Sunana Haladu, kuma sana'ar da na tsufa a cikinta ba ta da suna tsayayye. A ƙauye malamin awo suke ce mini. A jami'a mataimaki. A takardun da ake bugawa a ƙasashen waje kuwa ban taɓa ganin an kira ni da komai ba. Aikina shi ne in masana sun haɗu daga ƙasa biyu ko uku za su yi bincike a kan ƙasarmu da ruwanmu da abincinmu, ni ne ƙafarsu, ni ne bakinsu, ni ne kuma wanda ke nan bayan sun hau jirgi.

Aikin farko da aka ba ni gwangwanin awon ruwan sama ne a Madadi. Wanda ya koya mini shi ne Baba Yohanna, mutumin kudancin Kaduna, wanda koyarwa ta kawo shi Gwarzo, daga baya ya bar aji ya koma bin masu bincike. Ya kafa gwangwanin a fili, nesa da bishiya, nesa da katanga, ya ce kullum da hantsi in zo in juye abin da ya taru a kwalba mai zane, in sunkuya idona ya yi daidai da bakin ruwan, in rubuta. Na ce a raina wannan ko makaho ya yi. Wata rana aka yi ruwa, rafi ya cika, ban samu hayewa ba sai washegari da yamma. Na tarar rana ta sha rabin abin da ke ciki. Sai na ƙiyasta, na rubuta adadin da na ga ya dace.

Ƙarshen mako Baba Yohanna ya zo ya buɗe littafin. Ya daɗe yana kallon layin nan. Ya tashi ya shiga gonar da ke kusa, ya gaisa da mai ita, suka yi 'yar hira, ya dawo.

Ya ce, "Haladu, ranar Talata ƙarfe nawa ka zo nan?"

Na ce, "Da hantsi, Baba."

Ya ce, "Mai gonar can ya ce ranar Talata ko akuya ba ta haye rafi ba."

Bai yi faɗa ba. Ya ɗauki fensir ya soke abin da na rubuta, ya ja layi a wurin. Ya ce duk inda idona bai gani ba in ja layi, domin wanda zai karanta littafin nan yana wata ƙasa, ba shi da hanyar sanin gaskiya sai hannuna. Na yi shekara huɗu a bayansa kafin ya bar ni in fita ni kaɗai.

Kayan aikinmu ba su da kwarjini. Fensir, ba biro ba, don biro yana malalewa in ruwa ya taɓa takarda. Ƙarfen huda ƙasa, wanda ake murzawa da hannu biyu har ya nutse, a zaro shi da ƙasar da ya ɗebo, a zuba a leda, a rubuta sunan gona a ciki da waje. A jigawa wasa ne. A laka mai ɗanko da rani, kafin ka gama rami goma tafin hannunka ya saɓule. Sai igiyar awon rijiya, wadda ita ce na fi ji da ita. Igiya ce mai ƙulli a kowane kamu, da ɗan ƙoƙon ƙarfe a kife a ƙarshenta. Kana sakinta a hankali, kunnenka a bakin rijiya, in ƙoƙon ya taɓa ruwa za ka ji ya ce fot. Nan za ka danne da babban yatsa ka ƙirga. Ana yi da sassafe kafin mata su fara ja, in ba haka ba abin da ka auna gajiyar rijiya ce, ba zurfin ruwa ba. Wannan kwamfutar taku ba za ta gaya muku haka ba.

Masana tattalin arziki su ne suka fi ba ni wahala, ga shi su ne ba su cika zuwa ba. Sai dai su aiko da takardar tambayoyi mai kauri kamar littafin makaranta. Na tuna wata da na kai Kutama. Tambaya ta farko: nawa kake samu a wata? Manomin da ke girbi sau ɗaya a shekara, wane wata zai faɗa maka? Ta biyu: shanunka nawa? Mutumin da kakansa ya ɓoye shanu a daji saboda jangali, kai baƙo da takarda a hannu, kana tsammanin zai lissafa maka? Sai ka koyi kewaye. Ka zauna a tabarma, ku gaisa har gaisuwa ta ƙare, ka tambayi gida da yara da gajiya. Ka yaba takin da ka gani a gona, ka tambayi inda ya samo shi. Daga taki za ka san shanu. Daga yawan rumbu za ka san hatsi. Takardar da aka ce ta minti talatin ce, yini guda take ci in ana son gaskiya. In ba a so, ana iya cike guda ashirin a gindin mangwaro ba a ga manomi ko ɗaya ba, kuma na san waɗanda suka yi hakan aka yaba musu da sauri.

Yanzu bari in ba ku labarin shekarar da ta lalace.

Wani babban aiki ne ya zo wata fadama a yankin Gude, ta wajen Kabo. Jami'o'i uku suka haɗa hannu, biyu na waje, ɗaya ta gida. Akwai injiniya Bature wanda ya ƙera famfon ban ruwa mai aiki da hasken rana. Akwai wata Baturiya mai nazarin ƙasa da ruwa da itatuwa, wadda mutanen ƙauyen suka sa wa suna Ladi don ranar Lahadi ta fara zuwa. Akwai masanin tattalin arziki wanda muryarsa kawai na sani ta waya. Sai Farfesa, namu na gida, wanda shi ne ke riƙe da ragamar komai a nan. Abin da suke son nunawa shi ne manomi zai iya barin injin fetur, ya yi noman rani da rana kyauta, ya samu riba, ƙasa kuma ba ta cutu ba.

Kafin a kafa komai sai an samu wanda zai yarda. Mutanen wurin sun ga masu bincike da yawa sun zo sun wuce, ba su da sauran ɗoki. Wanda na nufa shi ne Malam Iro, dattijo mai gona a tsakiyar fadamar, wanda in ya sa ƙafa a abu sauran sukan bi. Na yi sawu ya fi biyar a gidansa. A na ƙarshe ya ce, "Malam Haladu, ni ban san Turawan nan ba, ban san Farfesa ba. Kai na sani, na san mahaifinka. In ka ce in shiga, na shiga."

Na ce, "Ka shiga, Malam."

Shekarar farko abin ya yi kyau har ya ba ni tsoro. Aka haƙa rijiyar burtsatse, aka jera farantan sola, rana na fitowa ruwa na bulbulowa, ba hayaƙi, ba ƙara, ba sayen mai. Albasa ta yi kai, tumatir ya yi ja. Injiniyan ya riƙa ɗaukar hoto yana dariya. Shekara ta biyu waɗanda suka ƙi da farko suka zo suna roƙo, aka ƙara famfo. Kuma da yake ruwan kyauta ne, ba wanda ke kashewa. Da injin fetur mutum yana ban ruwa yana jin zafin aljihunsa. Da wannan kuwa sai a bar tiyo a kwance tun hantsi har la'asar.

Ni kuma duk Litinin ina zagaya rijiyoyin fadamar da na cikin gari da igiyata. Akwai na'urar da injiniyan ya zura a rijiya ɗaya tana auna ruwa da kanta, amma Ladi ta ce in ci gaba da igiya, don da awona ake gane ko na'urar tana faɗin gaskiya. A rani na biyu na lura ƙullin da nake dannewa yana ta ƙara nisa. Damina ta zo ta wuce, ruwan bai dawo inda yake ba. Na rubuta, na aika. Ladi ta kira ni ta sa na maimaita mata adadin sau biyu, ta ce tana zuwa.

Da kaka suka zo, ita da injiniyan da Farfesa. Aka tara manoma a gindin tsamiyar da ke bakin gonar Malam Iro. Ni ne tafinta. Injiniyan ya fara, ya yi godiya, ya yaba, na juya. Sai Ladi ta miƙe. Ta yi magana mai tsawo, a hankali, tana kallon fuskokinsu. Abin da ta ce shi ne ruwan da ake zuƙowa ya fi wanda damina ke mayarwa, kuma in aka ci gaba a haka, ko aka samu damina mai rauni, rijiyoyin za su iya ƙafewa a tsakiyar rani, har da na sha. Ta ce kada kowa ya ƙara fili bana. Ta ce wanda zai iya ma ya rage, a kuma riƙa kunna famfo da safe kawai.

Kafin in buɗe baki Farfesa ya matso kusa da ni, ya yi ƙasa da murya, da Hausa. Ya ce, "Malam Haladu, a sassauta. Masu ɗaukar nauyin aikin nan suna tafe wata mai zuwa. In mutanen nan suka firgita suka janye, an rufe aikin, kowa ya rasa. Ita ma hasashe take yi, ba a tabbatar ba."

Na dubi manoman, na ce, "Ta ce tana gaishe ku da ƙoƙari. Ta ce ruwa amana ne, a riƙa tattalinsa, kada a bar tiyo yana zuba a banza."

Aka gyaɗa kai. Malam Iro bai gyaɗa ba. Ya ce, "Malam Haladu, ita ta yi doguwar magana, kai ka yi gajeriya. Ko akwai abin da ya zube a hanya?"

Na ce, "Turanci ne, Malam. Kewaye gare shi."

Aka yi dariya, aka yi addu'a, aka tashi. Ladi ta riƙe hannuna ta yi mini godiya, don a zatonta na isar.

Ba wanda ya sa mini wuƙa a wuya. Ku rubuta wannan a inda kuke rubutu. Farfesa bai yi mini barazana ba, roƙona ya yi, kuma na ga kamar yana da hujja. Na ce a raina bayan baƙin sun zo sun tafi zan koma in faɗa wa Malam Iro a hankali. Baƙin suka zo, aka yanka rago, aka zagaya da su. Kafin in koma, Malam Iro ya sayar da shanun huɗarsa biyu, ya karɓi filin maƙwabcinsa, ya ninka albasarsa. Wasu suka bi shi kamar yadda suka saba. Da na je na tarar an riga an dasa. Na tsaya a kan kunya ina kallon shukar, ya zo yana murmushi ya ce, "Ka ga abin da ka jawo mana." Na ce Allah ya sa albarka.

Daminar da ta gabata dama ba ta yi ƙarfi ba, ta ɗauke da wuri. Albasa na fara ɗaura kai, famfon farko ya soma tari, yana tofar da iska da laka. Bayan kwana kaɗan na biyu ya bi. Rana tana nan fal, farantan suna sheƙi, ba abin da za su zuƙo. Aka kira injiniyan, ya ce a ƙara zura famfon ƙasa. Aka zura, ya yi mako guda ya tsaya. Ranar wata Litinin na saki igiyata a rijiyar masallaci har ta ƙare a hannuna, ban ji fot ba. Da na jawo ta, busasshen yashi ne a bakin ƙoƙon. Mata suka koma tafiya mai nisa da jarka. Fadamar da ta yi shekara biyu tana kore ta koma launin toka cikin sati uku. Malam Iro ya riƙa ɗebo ruwa a baro daga wani kududdufi yana zuba wa layi biyu, shi da 'ya'yansa maza, har suka ga ba amfani. Kafin damina ta faɗi 'ya'yan nan biyu sun tafi kudu neman aiki, kuma da ruwa ya sauka ba shi da shanun da zai yi huɗa. Da fartanya ya yi noman shekarar, yana da shekarun da bai kamata ya sunkuya ba.

A wannan ranin wa'adin aikin ya cika. Aka zo da mota aka kwashe na'urori, aka bar farantan da famfunan a matsayin kyauta ga al'umma.

Na je na sami Baba Yohanna, lokacin ya daina fita, idonsa ya yi rauni. Na ba shi labari tun daga farko. Ya ce, "Me ta ce?" Na faɗa. Ya ce, "Kai me ka ce?" Na faɗa. Ya juya ya kira jikarsa ta kawo mini ruwa, ya shiga tambayata farashin masara a kasuwar Gwarzo. Har na tashi bai koma kan maganar ba, har ya rasu kuma bai koma ba.

Bayan kamar shekara guda wani ɗalibin Farfesa ya nuna mini rahoton da aka buga, a kwamfutarsa. Ga hoton Malam Iro yana riƙe da albasa, na shekara ta biyu. Ga zanen da ke nuna zurfin ruwa, ya tafi ya tafi, ya tsaya cak a ƙarshen shekara ta biyu. Na ce ina ta uku? Ya ce ai na'urar da ke rijiya ta lalace a farkon wannan ranin, kuma awon igiya ba a karɓarsa a irin wannan mujalla. Na ce to shekara biyun farko da igiyar wa aka gyara na'urar? Ya ce shi dai ba ya cikin waɗanda suka yanke. Sunaye bakwai ne a saman takardar. A can ƙarshe, da ƙananan haruffa, an gode wa mutanen yankin da suka ba da haɗin kai. Ladi ta rubuto mini wasiƙa ta ce ta yi gardama an fi ƙarfinta, an dai bar mata jimla ɗaya mai cewa akwai buƙatar ƙarin nazari a kan ruwa. Ta ce abin da ya fi damunta shi ne ta gargaɗi manoman da bakinta amma ba su ji ba. Ban ba ta amsa ba.

Na daina bin hanyar Gude. In aiki ya biyo ta can sai in ce babur ba lafiya.

Bara waccan sai ga wasu sababbi, matasa, mace da namiji daga waje da wani Dakta daga gida. Sun karanta rahoton, suna son su ga wurin da abin ya yi nasara don a yaɗa shi a wasu ƙauyuka. Aka ce musu ni ne na san mutanen. Na so in ƙi, sai kuma na ce mu je.

Mun sami Malam Iro a ƙofar gida yana gyaran igiyar guga. Ya tsufa ƙwarai. Ɗaya daga cikin farantan yana jingine a katanga, ana cajin waya da shi. Ya tashi ya shimfiɗa tabarma, ya gaishe su ɗaya bayan ɗaya, ya gaishe ni kamar jiya muka rabu, ya tambayi iyali. Ya sa aka kawo ruwa a kwanon sha. Da suka ce suna son jin yadda famfon ya canza rayuwarsa, sai ya juyo gare ni.

Ya ce, "Malam Haladu, kai ne za ka juya?"

Na ce, "Ni ne, Malam."

Ya ce, "To zan yi magana a hankali. In na yi doguwa, ka yi doguwa."

Ya faɗi komai. Shanun, da filin, da rijiyar masallaci, da 'ya'yansa da har yau ɗaya bai dawo ba. Bai ɗaga murya ba, bai zagi kowa ba. Ya ce daga baya wani malamin makaranta da ke wurin taron gindin tsamiya, mai jin Turanci, ya gaya masa abin da Baturiyar ta ce. Ya ce, "Da na ji a ranar, da ban sayar da shanuna ba. Wanda ya juya mana maganar shi ne wannan da ke zaune." Na juya wannan ma, kalma bayan kalma, na nuna ƙirjina.

Macen ta daina rubutu tun a tsakiya. Namijin yana ta kallon farantin da ke katanga. Muka fito muka shiga mota muka hau kwalta. Sai Daktan ya gyara murya ya ce lallai wannan darasi ne, amma kwana huɗu kawai baƙin suke da shi, kuma an riga an sayi famfunan da za a yaɗa. Ya ce, "Malam Haladu, ba wata fadamar a nan kusa, inda mutanen ba su da irin wannan tarihin? Inda akwai wani dattijo da suke jin maganarsa, wanda kai ma yake jin taka?"

Akwai. Uku ma na sani, da sunan dattijon kowace, da lokacin da ake samunsa a gida.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ban san hanya ba. Ku sauke ni a Kabo, zan nemi mota."